Gumin Yaya Asabe a Kwatano

Tun da muka dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan suna, har a wajen niƙa, tambayar ɗaya ce: "Malama Talatu, wai yaya Kwatanon? An ce har rawa kuka koyo?" Kuma ba wadda take yin tambayar ba ta ɗan taɓo ta kusa da ita ba. Ina gani, ban makance ba. Da ina yin shiru ne saboda Yaya Asabe ta ce in ƙyale ku. Yanzu zan ba da labarin daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak. Wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, ni ma da zafin nake rubutawa.

Ga wanda bai san mu ba, Yaya Asabe yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Tun da mijinta ya rasu ita ta ci gaba da sana'ar atamfa a gidanta na Fagge. Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowane ango ya fara gasar cika akwati, sai kasuwa ta buɗe mata. Ta sayi mota, ta ɗauki direba, ta sa haƙorin Makka. Jiki kuma ya zo. Ya zo har ta daina hawa benen da ta gina da kuɗinta, har salla ta koma yi a zaune. Mata suna shigowa suna cewa, "Masha Allah, Hajiya, hutu ya karɓe ki." Ni ce nake ganin yadda take haki daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure.

Da ciwon kai ya matsa mata, na lallaɓa ta muka je wurin wani likita a Sabon Gari. Ya auna ta, ya sake aunawa, ya cire tabarau. A gabana ya ce, "Hajiya, jininki ya hau ya wuce misali. In ba ki rage jikin nan ba, kika riƙa motsawa, wata rana jijiya za ta tsinke a kanki. Ko ki tafi, ko ki kwanta sai an juya ki." Muna shiga mota Yaya ta ja tsaki, ta ce, "Ji mutumin nan, Talatu. Haka ake yi wa mutum mugun fata don kawai an je Ingila?"

Da dogon hutu ya zo, ta ce da kanta za ta je Kwatano ta zaɓo sabbin zane, ta gaji da abin da dillalai suke kawo mata. Abokiyar tafiyarta Mama Uche ce, mai shagon leshi a Kasuwar Sabon Gari. Inyamura ce, amma a Kano aka yanke cibiyarta, Hausarta ta fi ta wasunku. Lokacin yaƙi a Kwatano ta yi gudun hijira, don haka tana jin Faransanci, ta san gari. Ni kuma na bi su ne don in riƙe ƙwayoyin Yaya, in tabbata tana sha.

Daga gidanmu zuwa tashar jirgin ƙasa ba wata tafiya ba ce, yara ma a ƙafa suke zuwa kallon jirgi. Amma sai da aka fito da mota. Guzuri kuwa, kai ka ce ƙasar yunwa za mu: soyayyun kaji cikin gwangwanin madara babba, dambun nama, kilishi, cincin, da kwalbar man shanu. Kowace ƙawa ta kawo nata, kowace tana cewa, "Hajiya, a kula da jikin nan, kada a bar mana shi a hanya." Babbar ƙawarta Hajiya Dije ce ta kawo man shanun. Ku riƙe sunan nan.

Jirgin ya yi ta jan ciki, ya tsaya inda ya ga dama. A wani daji bayan Minna ya tsaya tun hantsi har la'asar, ba wanda ya ce mana ga dalili. A taragonmu akwai wani matashin akawu da aka yi wa ƙarin albashi, ya sayi rediyo da takalmi mai tudu, ya hana kowa sakat da labarin babur ɗin da zai saya a Ikko. Da ya sauka neman ruwa takalmin ya gurɗe shi, ya dawo yana ɗingishi, muka samu lafiya. Akwai kuma wata tsohuwa 'yar Ilori mai fataucin goro, wadda ta yi ta kallon ƙafar Yaya tana girgiza kai. Kafin mu haye gadar Jebba ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na ce, "Yaya, ki tashi ki ɗan taka zuwa ƙarshen tarago ki dawo." Ta ce, "In yi ta zirga-zirga a gaban maza kamar mai tallan gyaɗa? Miƙo min cinyar kazar nan."

Ikko ba ni da abin faɗi a kanta sai cunkoso da wari da zafi mai ɗanko. Mun kwana a gidan wani ɗan'uwan Mama Uche, daga barandarsa ana hango jiragen ruwa jere a teku suna jiran a sauke musu kaya. Da safe muka je tashar tasi masu zuwa kan iyaka. Direban ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya ce da Mama Uche ita wannan kuɗin mutum biyu za ta biya. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga Yaya tana kwance bakin jaka tana murmushi, kamar an naɗa ta sarauta. Ta ce, "Kin gani ko? Har a nan an san manya." Haka muka kama hanya har muka isa kan iyaka a Idiroko.

A kan iyaka ne abubuwa suka fara fitowa fili. Mota ba ta ƙetarawa da fasinja, sai an sauka an taka daga ofishin namu zuwa na can. Tazarar ba ta kai daga gidanmu zuwa masallacin Juma'ar Fagge ba. A tsakiya Yaya ta tsaya, ta dafa ni, leɓenta ya yi fari. Ta zube a kan buhun garin kwakin wata mata, matar tana ta zagi da yarensu, Yaya ko ɗago kai ba ta iya yi. Na tsorata ƙwarai. Na tuna maganar likita, na ce a raina shi ke nan, a tsakanin ƙasa biyu zan rasa ta, inda ba ko liman.

Da ta dawo hayyacinta muka ƙarasa, sai ga wata sabuwa. Jandarma, ɗan sandan can, ya ce mu kawo katin allurar rigakafi. Na zura hannu a jaka, na ji danƙo. Kwalbar man shanun Hajiya Dije ta buɗe, ta jiƙe katina sharkaf, hatimin ya narke. Jandarman ya ɗaga katin da yatsa biyu, ya shinshina, ya kira 'yan'uwansa su ma suka shinshina. A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro aka sake tsira min allura, da wata allura da na rantse ta girme ni. Sannan ya ce sai an binciki kajin da muka shigo da su. A gabanmu ya binciki cinya biyu da ƙirji. Mama Uche ta ce, "Malama, haɗiye. In kika yi magana nan za mu kwana." Na haɗiye, hannuna yana zugi har Kwatano.

Kwatano gari ne na yashi da iskar teku. Abin da ya fara ba mu mamaki mata ne a kan ƙananan babura, da ɗaurin ɗankwali da bandir ɗin atamfa a baya, suna wuce maza fuu. Da rana ta take sai kowa ya rufe shago ya tafi barci, ko da mai saye yana tsaye da kuɗi a hannu. Yaya ta ce a Kantin Kwari wanda ya yi haka sai a kai shi a yi masa rubutu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ana saƙale shi a hammata ba ko takarda. Gaisuwa kuma sai an sumbaci kumatu, dama da hagu. Mai masaukinmu Madam Selestin, ƙawar Mama Uche kuma babbar dilar atamfa, ta taho za ta sumbaci Yaya, Yaya ta ja da baya tana salati har ta taka kyanwa.

Abinci agidi ne da miyar manja, a tsakiyar miyar ga ƙaguwa da ƙafafunta a baje. Yaya ta ce ita ba za ta ci abin da yake kallonta ba. Sai da muka gano Zango, inda Hausawa suke, aka riƙa kawo mana tuwo. An gyara mana ɗaki a sama, mai iska. Yaya ta dubi matakala, ta dubi Madam Selestin. Ƙarshenta a ƙasa aka shimfiɗa mana katifa, a ɗakin ajiyar kaya, tsakanin bandir da bandir. Kuma aka ce mana jirgin ruwan da ya ɗauko sabbin zanen bai iso ba, sai mun jira. Jiran da ya kai mu sama da wata guda ke nan.

Washegarin isowarmu bayan asuba, gari ya fara haske, sai muka ji kiɗa a tsakar gida. Ƙaho da ganga da wani abu mai kacau-kacau, da muryar namiji yana waƙa da yaren da ba Faransanci ba. Yaya ta ce, "Biki ake a gidan nan ba a gaya mana ba?" Ta sa na fito mata da leshi da sarƙa, ta cusa kuɗi a jaka, muka fito.

Ba biki ake ba. Mata ne wajen ashirin, manyan 'yan kasuwa, wasu sun kai Yaya jiki, kowace ta ɗaure zane tamau, da riga mai yankakken hannu da takalmin kambas. An rufe ƙofar gida, ba namiji ko ɗaya. Sun yi layi-layi, garmaho yana kan tebur. A gabansu wata doguwar mace baƙa, da furfura a gefen ɗankwali, tana tafi tana ƙirga musu: taku gaba, taku baya, sai uku da sauri a wuri ɗaya, ƙugu yana bi. Su juya dama, su juya hagu, hannu sama, hannu ƙasa. Gumi yana zuba, suna haki suna dariya. Mama Uche ta raɗa mana cewa sunanta Madam Mariyama, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Gini, a Kuba ta yi karatu, a can ta ga ana yi wa masu hawan jini haka. Kiɗan ma na can ne, wannan ana ce masa ca-ca-ca, mai sanyin kuma rumba. Kullum da safe take zuwa kafin ta wuce asibiti.

Yaya ba ta saurari bayanin ba. Ta sa aka kawo mata kujera, ta harɗe, ta yi kallo irin na uwar biki. A wurinmu ai an san tsari: ƙanana su yi rawa, babbar mace ta zauna, in abin ya burge ta ta yi liƙi. Da kiɗa ya yi daɗi sai ta yunƙura ta tashi, ta ratsa layi da takunta na ƙasaita, ta zaro sabuwar naira ta manna wa Madam Mariyama a goshi. Ta zaro wata ta ƙara. Har ta juyo tana jiran a yi mata guɗa.

Madam Mariyama ta ɗaga allurar garmaho. Ta ɓare kuɗin daga goshinta, ta ninke, ta mayar a jakar Yaya. Sannan ta durƙusa, ta danna babban yatsanta a idon sawun Yaya, ta ɗauke. Ramin ya zauna, bai taso ba. Duk matan suna kallo. Ta yi magana a hankali, Mama Uche ta ƙi fassarawa.

Yaya ta ce, "Me ta ce? Faɗa min."

Mama Uche ta ce, "Hajiya, ta ce ita ba zabiya ba ce. Ta ce ta wanke gawar mata masu irin ƙafar nan da yawa. Ko ki shiga layi, ko ki ɗauki kujerarki ki koma ɗaki."

Na san Yaya. Na ɗauka za ta ce mu haɗa kaya. Fuskarta ta yi ja, hancinta yana buɗewa. Sai ta fizge mayafi ta wurgo min, ta cire sarƙa, ta ce, "Gaya mata tun ba ta san hanyar Kuba ba nake cashewa a dandalin Fagge. Sa kiɗan!" Don haushi ta shiga layin nan, ba don lafiya ba. Ba ta kai ƙarshen waƙa ɗaya ba ta zube a kujera, leshi ya jiƙe ya manne. Matan suka yi mata tafi. Madam Mariyama ta kawo mata ruwa da hannunta, ta riƙe wuyan hannunta tana duba agogo, ta ce gobe rabin waƙa kawai za ta yi, kuma a hankali.

Washegari ta fito. Rana ta uku ma ta fito, tana ƙunƙuni tana cewa ba za a ce 'yar Kano ta gudu ba. Ni ma aka jawo ni, kuma in faɗa muku gaskiya, ni ce nake taka ƙafar mutane. Yaya kuwa ashe kiɗa yana jininta. Cikin mako biyu ta kama takun, tana ƙara nata salon na kafaɗa har matan Kwatano suna kwaikwayo. Aka saya mata kambas. Madam Mariyama ta hana gishiri mai yawa, ta ƙwace sauran man shanun. Duk ranar Asabar sai ta zo da abin awon jini ta ɗaura wa Yaya a dantse, ta gyaɗa kai. Ba su da yare ɗaya, amma suka zama ƙawaye. Ranar da Yaya ta ga Madam Mariyama ta shimfiɗa ɗankwali tana sallar walaha bayan rawa, ta ce, "Talatu, ashe Musulma ce? To ni wa ya ce min ba a haɗa biyun?"

Ban taɓa jin Yaya tana dariya irin ta gidan nan ba. Zoben da ya nutse a yatsanta ya fara juyawa. Ta fara zuwa kasuwa a ƙafa. Wata rana na neme ta na rasa, sai na ji muryarta daga sama tana kirana in zo in ga teku. Amma abin da ba zan manta ba wata azahar ce. Na shigo ɗaki na same ta a kan tabarmar salla, goshinta a ƙasa. Shekaru ke nan ba ta kai goshi ƙasa ba. Da ta sallame ta juyo, hawaye yana bin kumatunta, ta ce, "Talatu, na manta ƙamshin tabarma."

Da kaya suka iso muka yi sallama. Wannan karon Yaya ce ta fara miƙa kumatu. Madam Mariyama ta ba ta faya-fayai uku, ta riƙe hannunta ta ce a gaya mata abu ɗaya: kada ta tsaya. A Idiroko Yaya ta taka tazarar nan da jaka a hannu, ta riga ni isa, ta tsaya tana yi min tsiya wai na tsufa. A jirgi kuma ita ce mai zirga-zirga a tarago.

To, yanzu mun iso wurin da kuka shigo labarin.

Likitan Sabon Gari ya auna ta, ya sake cire tabarau, ya ce ko me take yi ta ci gaba. Muka sayi garmaho. Safiyar farko muka rufe ƙofa, muka sa faifai a tsakar gida, mu uku da Mama Uche. Ba mu gama waƙa ta biyu ba aka fara buga ƙofa. Maroƙa ne da kalangu, sun ji kiɗa a gidan Hajiya Asabe, sun ce ba za a yi sha'ani a ɓoye musu ba. Bayansu maƙwabta da mayafai, ana tambaya wa aka haifa, wa za a aurar. Suka tarar da Hajiya guda da ɗaurin ƙirji da takalmin 'yan makaranta, gumi har haɓa. Kafin azahar labari ya kai Kwari.

Sai muka mayar da abin gidan Mama Uche a Sabon Gari, inda ba mai leƙen kiɗan wani. Wasu matan Yarbawa biyu suka shigo, da wata malamar asibiti. Yaya tana tafiya can a ƙafa da sassafe, ta dawo a ƙafa. Nan kuma aka samu abin faɗi biyu. Na ɗaya, Hajiya tana zuwa Sabon Gari rawa, kuma kowa ya san me ake nufi in an faɗi haka da irin wannan murya. Na biyu, me ya sa take tafiya a ƙasa? Ina motar?

Wata Juma'a Hajiya Dije ta shigo da mata huɗu, fuska a jiƙe kamar an yi mutuwa. Suka zauna, aka gaisa. Hajiya Dije ta kama hannun Yaya ta juya zoben, ta ce, "Asabe, mu fa ba baƙi ba ne. In kwastan ne suka kama kayan, ki faɗa. Karaya ba a kanki aka fara ba. Dubi wuyanki, duk kin zube. Allah ya mayar da alheri."

Na ce, "Hajiya, jaje kuka zo yi? Lafiya ta samu fa. Likita ma ya ce..."

Ta ce, "Ke Talatu, boko ya cika miki kai. Wace lafiya ce mace mai arziki za ta koma kamar bazawarar da aka kora? Ko dai wani abu aka yi mata a can?"

Yaya ta yi dariya ranar, ta buɗe musu ɗaki suka ga kaya har rufi. Amma magana ta riga ta fita. Masu haɗa lefe suka fara wucewa gidan gaba, wai ba a sayen kayan aure a hannun wanda arziki ya juya wa baya. A wani biki a unguwarmu, zabiya ta bi manyan mata ɗaya bayan ɗaya tana wasa su, ta zo kan Yaya ta tsallake. Yaya da ko tari ta yi a da sai an yi mata kirari. Muna dawowa ta shige ɗaki. Da safe na ɗauko kambas ɗinta, ta ce, "Mayar. Ki gaya wa direba ya wanke mota."

Na roƙe ta. Na yi kuka, na yi faɗa, na kira Mama Uche ta zo ta yi nata. Yaya ta ce, "Talatu, ke albashi kike ci, ko kin rame ko kin yi ƙiba za a biya ki. Ni da idon mutane nake ciniki." Hajiya Dije ta kawo mata wani maganin ƙiba na kwalba daga kanti, da sabon man shanu. Mota ta koma kai ta ko'ina, har gidan da ke kallon namu. Wata uku ba su cika ba zoben ya sake nutsewa, salla ta koma zaune, masu lefe suka dawo. Kuka ce alhamdulillahi, Hajiya ta farfaɗo.

Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, tana auna wa wata mata shadda, sai ta ce kanta. Kafin in taso daga inda nake ta kife a kan kayan. Ba ta tafi ba. Ɗaya maganar likitan ce ta same ta. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu.

Shekaranjiya kuka zo dubiya, da kwanukan farfesu da fura. Kuna zaune kun cika ɗaki, ina tsaye bakin ƙofa. A kunnena Hajiya Dije ta leƙa fuskar Yaya ta ce, "Amma dai an gode Allah, jikin bai zube ba. Dubi kumatu, masha Allah." Kuka amsa da masha Allah.

Ban san lokacin da na jawo garmahon daga ƙarƙashin gado ba, inda yake tun da na dawo da shi daga gidan Mama Uche. Na hure ƙura, na ɗora faifan Madam Mariyama, na saki allura. Ƙaho ya tashi a ɗakin. Hajiya Dije ta dafe ƙirji ta ce, "Talatu, kin haukace? Kiɗa a kan mara lafiya? Kashe abin nan!" Na kai hannu zan kashe, ba don ita ba, don kada in tayar wa Yaya da hankali. Sai na ga bargo yana motsi daga ƙasa. Ƙafar dama ce. Gaba, baya, sai uku da sauri. Yaya ta kafe ni da ido, ta yi ta kokawa da bakinta, miyau yana zuba, har kalmar ta fito.

Ta ce, "Ƙara."

Na ƙara sauti har ƙarshe. Ɗaya bayan ɗaya kuka ɗauki mayafanku.

Wannan shi ne labarin Kwatano, kada wadda ta sake tare ni da shi. In akwai mai sauran tambaya, ta zo gidan da sassafe, lokacin da nake juya Yaya in yi mata wanka. Ina neman hannu. Jikin da kuka ce a dawo muku da shi ya dawo, kuma ni kaɗai ba na iya ɗaga shi.